Tururin Madafi da Tururin Inji: Ɗalibin Sin da Kalmar Steam

 

Yau tafiyarmu mai nisa ce. Ƙasar Sin za mu je. Za mu shiga aji, mu zauna kusa da ɗalibin da ke fama da koyon Turanci. Abin da zai kai mu kuwa kalma ce guda ɗaya tak. Bature yana ce mata steam. Mu a Hausa tururi muka sani.

Na san wani zai ce, malam, kalma ɗaya ce za ta cinye mana shiri guda? To, ku ba ni aron hankalinku. Kalmar ƙarama ce a baki, amma tarihin shekara ɗari uku take ɗauke da shi. Kuma irin tuntuɓen da ɗalibin Sin yake yi da ita, shi 'ya'yanmu suke yi a makarantun boko.

Ga maganar da nake so ku riƙe tun daga farko. Basine a madafi ya san tururi. Bature kuwa a kan tururin inji ya gina maganganunsa. Duk ɗalibin da aka nuna masa injin, maganganun da kansu za su buɗe masa. Wanda bai ga injin ba, sai dai ya yi ta hadda yana mantawa.

Bari mu fara da ɗalibin kansa.

Tun shekarar 2001 hukumomin ilimi na ƙasar Sin suka ce a riƙa fara Turanci daga aji uku na firamare. Daga nan yaro ba zai rabu da shi ba, har ya kai babbar jarrabawar shiga jami'a, wadda suke kira gaokao. A watan Yuni ake yin ta. A 2024 ɗalibai fiye da miliyan 13 ne suka yi rajistarta. A yawancin larduna, makin harshen waje daidai yake da na lissafi, daidai yake da na Sinanci. Kun ga ke nan ba abin wasa ba ne.

Hanyar da aka fi bi ita ce hadda. Ga littafin kalmomi, Turanci a hagu, Sinanci a dama. Ɗalibi ya yi sammako ya yi ta maimaitawa. Sinawa da kansu sun raɗa wa sakamakon suna, yaba yingyu, wato Turancin bebe. Mutum ya cinye jarrabawa, amma in an tare shi da magana sai bakinsa ya mutu.

Tun a wajen furuci ma kalmar steam take fara ba ɗalibin wuya. Sinancin Mandarin ba ya haɗa baƙi biyu a farkon gaɓa, kuma gaɓarsa ba ta ƙarewa da harafin m. Saboda haka sabon ɗalibi yakan ce si-ti-mu. Mu ma haka bakinmu ya yi wa kalmomin Bature, muka samu sito da sitaci da sitiyari. Wannan kam ƙaramar matsala ce, yawan faɗa yana maganinta. Mu wuce.

Yanzu mu leƙa madafi, don a nan ɗalibin yake ɗan gida.

Sinawa sun daɗe suna turara abinci. Masu tonon kayan tarihi sun samo tukwanen tagulla na zamanin daular Shang, shekara fiye da dubu uku da suka wuce. Tukwanen hawa biyu ne, ruwa a ƙasa, abinci a sama, tsakani kuma faranti mai huji-huji. Duk wadda ta taɓa ɗora madambaci ta san abin da nake nufi. Har gobe da safe, a arewacin ƙasar inda ake noman alkama, mantou ake karyawa da shi. Mantou ɗan'uwan alkubus ɗinmu ne, ƙullin fulawa da aka turara. In an cusa masa nama ko ganye sai ya koma baozi. A lardin Guangdong kuwa, gwanin girki ana gane shi ne a turaren kifi, da 'yar citta da albasa mai lawashi. A bakin titi za ka ga kwandunan gora an jera su wani kan wani, tururi yana tashi.

Kalmarsu ta wannan girki ita ce zheng. In malami ya ce steam shi ne zheng, ɗalibi zai kaɗa kai, ya gane sarai. Abin da zai kiyaye kaɗan ne. Steamed fish kifi ne da aka turara. Steaming tea kuwa shayi ne mai zafi da ke fitar da tururi. Aikatau a Sinanci ba ya sauya kama, shi ya sa waɗannan 'yan wutsiyoyi biyu, ed da ing, suke rikita ɗalibai. Haka kuma tururi a Turanci ba a ƙirga shi, kamar yadda ba a ƙirga ruwa.

Amma ku lura da wani abu mai muhimmanci. A tunanin Basine, tururi abu ne mai taushi. Yana dafa abinci ba tare da ya ƙona shi ba. Yana tashi sama a hankali. Har suna da wata magana, zhengzheng rishang, da ake yi wa ɗan kasuwa fata da ita. Ma'anarta harka ta yi ta hauhawa kullum kamar tashin tururi. To, da wannan hoto a kansa ɗalibin zai buɗe jaridar Turanci. Sai ya ga an ce ɗan siyasa ya yi run out of steam. Ya tambayi kansa, wane abinci ɗan siyasar yake turarawa har tururinsa ya ƙare?

A nan ne za mu bar madafi mu shiga ɗakin inji.

Kowa ya taɓa ganin murfin tukunya yana rawa in ruwa ya tafasa. Dalili shi ne, ruwa in ya koma tururi yana neman wurin da ya ninka nasa na da kusan sau 1,700. In ka toshe masa hanya, zai ture duk abin da ya tare shi. Wannan turi shi mutanen Birtaniya suka kama suka sa shi aiki. A 1712 Thomas Newcomen ya kafa injin da ke zuƙo ruwa daga ramin haƙar kwal. A 1769 James Watt, mutumin Sikotland, ya yi rajistar gyaran da ya sa injin ya rage cin kwal sosai. A 1825 jirgin ƙasa mai tururi ya ja jama'a da kaya a layin Stockton da Darlington. Daga nan tururi ya shiga masaƙa, ya shiga jirgin ruwa, ya shiga gona. Abin da ya cika rayuwar mutane kuwa, dole ya cika bakinsu.

Ku biyo ni mu tayar da kan jirgi guda. In mun yi haka, maganganun za su fito ɗaya bayan ɗaya, kowace a gurbinta.

Kan jirgi mai tururi ba mota ba ne, da za ka murɗa makulli ka wuce. Sai an hura wuta. Sai an yi ta zuba kwal. In injin ya yi sanyi, awoyi ake ɗauka kafin tururi ya taru a tukunya, ya kai ƙarfin da zai tura fistin. Wannan taruwa ita Bature ke kira a head of steam. Yau in an ce zanga-zanga ta tara a head of steam, ana nufin an daɗe ana hura wuta, yanzu ƙarfi ya taru, motsi ya kusa.

Jirgi ya fara motsi. A hankali yake farawa, sannan gudu ya yi ta ƙaruwa. Wannan shi ne gather steam, ko pick up steam. Mu sai mu ce abu ya fara kankama. Akwai sannu-sannu a cikin maganar. Abin da ya faɗo kwatsam ba a ce masa haka.

A jirgin ruwa kuma, kyaftin yana sama, masu inji suna can ƙasa. Akwai na'ura mai ƙararrawa da yake aika musu umarni da ita. In ya ga hanya ta buɗe, sai ya ba da umarnin a saki dukkan ƙarfi a nufi gaba. Daga nan full steam ahead ta fito. Shugaban kamfani yakan faɗe ta in an gama shawara, ba sauran waiwaye. Wannan ba ta ba Basine wuya, don yana da tasa, kai zu mali, wato a buɗe ƙarfin doki gaba ɗaya. Shi ma ƙarfin dokin, ma'aunin da Watt ya yaɗa ne don ya nuna wa masu saye dawaki nawa injinsa zai maye.

Sai jirgin da ya samu matsala a teku. Wani janyo shi ake yi da igiya zuwa gaɓa. Wani kuwa, duk da raunin da ya ji, da injinsa yake lallaɓowa har tasha. Shi ne ake cewa ya iso under its own steam. In Bature ya gayyace ka biki, ya ce zai aiko mota, ka ce za ka zo under your own steam, ka gaya masa ke nan kada ya damu, za ka kai kanka. Ba maganar gumi ba ce, ba kuma ta fushi ba.

Kun ga yadda abin yake tafiya? Labari ɗaya ne, na inji ɗaya. Wanda ya ga injin, maganganun da kansu suke buɗe masa.

Yanzu mun zo kan guda biyu da nake so mu ɗan zauna a kansu, don a nan ne harshen gida yake taimakon ɗalibi, a nan ne kuma yake iya ɓatar da shi.

Sinanci yana da kalmar qi. Furucinta kamar ci ɗinmu na cin abinci. Tana nufin iska, da numfashi, da kuzarin rai. Akwai kuma wata qi, furuci iri ɗaya, amma a rubuce ana ƙara mata alamar ruwa a gefen hagu. Ita ce tururi. Saboda kusancin nan, maganganun Bature na tururi sukan yi kama da maganganun Basine na qi. Kama kuwa, kun sani, ba ta zama ɗaya.

Ta farko ita ce let off steam, wasu su ce blow off steam. Tukunyar inji in tururi ya yi mata yawa, fashewa take yi. Kuma fashewarta ba ƙaramin bala'i ba ne. A watan Afrilun 1865, tukwanen wani jirgi mai suna Sultana suka fashe a kogin Misisipi na Amurka, kusa da Memphis. Sojoji ne cike a ciki, waɗanda aka sako daga kurkukun yaƙi suna komawa gida. Fiye da mutum dubu suka rasu. Mutanen wancan zamani sun san tururi yana kisa. Shi ya sa ake sa wa tukunya bawul, in matsi ya kai wani mataki sai ya buɗe, tururi ya fita da ƙara, kowa ya tsira.

To, mutumin da ya yi let off steam, bawul ɗinsa ya buɗe. Ya dawo daga aiki kansa ya yi zafi, sai ya fita ya buga ƙwallo, ko ya yi doguwar hira da aboki. Yaran da aka tsare a aji tun safe, in an tashe su suka fita da gudu da ihu, su ma abin da suke yi ke nan. Ba lallai fushi ba ne. Kuma jigon maganar shi ne a fitar da zafin ba tare da an cuci kowa ba.

Ɗalibin Sin zai yi maza ya ce, ai chu qi ke nan, fitar da qi. Ya kusa, amma bai kai ba. Chu qi sau da yawa a kan wani ake yin ta. Har suna da suna ga mutumin da kowa ke sauke masa fushi, chuqitong. Wannan ya fi kusa da abin da Bahaushe ke cewa haushin kaza huce kan dami. In ɗalibi ya ɗauka biyun ɗaya ne, zai ji abokin aikinsa ya ce zai je ya yi let off steam, ya zaci rigima zai je nema. Alhali bawan Allah wanka kawai zai je yi a kogi.

Ga wani abu da ya faranta mini rai a tarihin bawul ɗin nan. A tukunyar girki aka fara sa shi. Wani Bafaranshe mai suna Denis Papin, yana zaune a Landan, shi ya ƙera tukunya mai kulle murfi a 1679, don ta dafa ƙashi har ya yi laushi. Ya sa mata bawul don kada ta fashe. Jikanyar wannan tukunya ita ce tukunyar matsi ta yau, wadda ke gidajen Sinawa da dama, mai yin tsaki in ta ɗau zafi. Ashe madafi da ɗakin inji suna da ƙofar da ta haɗa su. Malami mai basira ta wannan ƙofa zai shigar da ɗalibinsa. Ya ce masa, ka ji tsakin tukunyar mahaifiyarka? To, shi ne let off steam.

Ta biyu ita ce run out of steam. Jirgi yana hawa tudu da kaya masu nauyi. Mai zuba kwal ya gaza, ko ruwa ya yi ƙasa. Tururin da ake kashewa ya fi wanda ake samu. Gudu ya yi ta raguwa, har jirgin ya tsaya. Babu abin da ya karye. Ƙarfi ne kawai ya ƙare. A hura wuta, a ba shi lokaci, zai tashi.

Nan ma akwai 'yar kama a Sinanci, xie qi, wato iska ta zurare. Amma ita xie qi karayar zuciya ce, abin da muke cewa gwiwa ta yi sanyi. Wanda ya yi run out of steam yana iya kasancewa zuciyarsa tana so, jiki ne ko kuɗi ko lokaci ya ƙi. 'Yan wasan da suka yi ta gudu a rabin farko, suka kasa ɗaga ƙafa bayan hutu, ba karaya suka yi ba. Ƙarfinsu suka kashe da wuri.

In malami yana neman abin da ya fi dacewa, yana da shi a tarihin ƙasarsa, kuma duk ɗan makarantar Sin ya san labarin. A shekara ta 684 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ƙasar Qi ta kawo wa ƙasar Lu yaƙi, a yankin da yau ake kira Shandong. Aka yi arangama a Changshao. Mayaƙan Qi suka buga tambarin yaƙi, sarkin Lu ya yunƙura zai sa a buga nasa. Wani mai ba shi shawara, Cao Gui, ya ce a dakata. Aka sake bugawa, ya ce a dakata. Sai da abokan gaba suka buga sau uku, zumuɗinsu ya huce, sannan ya ce yanzu. Lu ta buga nata sau ɗaya, ta afka musu da sabon ƙarfi, ta yi nasara. Daga wannan labari suka samu karin maganar yi gu zuo qi, wato a gama aiki da zumuɗin farko. Mayaƙan Qi a bugu na uku, su ne hoton run out of steam.

Wani zai tambaya, duk wannan bambance-bambance me zai ƙara wa mutum? Bari in kawo misali daga aikinmu na labarai.

Jaridun Turanci suna son kalmar nan ƙwarai in suna maganar tattalin arziki. Bayan da Sin ta ɗage dokokin kullen korona a ƙarshen 2022, kasuwanni suka farfaɗo. Da aka shiga tsakiyar 2023, sai kanun labarai suka cika da cewa farfaɗowar tana losing steam. Mene ne aka ce? An ce gudun yana raguwa. Ba a ce jirgin ya tsaya ba. Ba a ce ya koma da baya ba. Ba a kuma ce ya kife ba. Mai fassarar da bai san injin ba zai iya cewa tattalin arziki ya durƙushe. Ya sauya labari ke nan, ya tayar da hankalin ɗan kasuwa a banza. Wannan haɗari bai tsaya a Beijing ba. Duk mai juya labari daga Turanci zuwa Hausa yana cin karo da shi kullum. Shi ya sa nake nanatawa, a nuna wa ɗalibi injin.

To, yanzu ga wani juyi a labarin. Shin injin nan baƙo ne a ƙasar Sin? Ko kusa.

Gaskiya ne da baƙin ciki ya fara isa can. A Yaƙin Ofiyom na farko, jirgin yaƙin Birtaniya mai suna Nemesis, na ƙarfe, mai tafiya da tururi, ya ragargaza jiragen katako na Sin a bakin kogin Guangzhou a farkon 1841. Layin dogo na farko da ya yi jigila, na Wusong a Shanghai, Turawa ne suka shimfiɗa shi a 1876. Hukumomin daular Qing suka saye shi, suka tumɓuke shi a shekarar da ta biyo. Kuma abin da ya fara ɗaukar idon Sinawa a injin wutar ce. Har yau jirgin ƙasa huoche suke ce masa, keken wuta. Sunan tururin kuwa sai ya liƙe wa mota, qiche, har da man fetur, qiyou.

Amma daga baya Sin ta rungumi injin fiye da masu shi. Birtaniya ta sallami jiragen tururi daga manyan layukanta a 1968. A Sin kuwa masana'antar Datong ta ci gaba da ƙera manyan kawunan jirgi masu tururi har 1988. Ta Tangshan ma ta kai 1999 tana ƙera nata. Layin Jitong na Mongoliya ta Gida sai a ƙarshen 2005 ya daina aiki da su. Turawa masu sha'awar jirgi har takanas suke zuwa can cikin tsananin sanyi don su ɗauki hoto. Shekara uku kacal bayan haka aka buɗe layin jirgi mai tsananin gudu tsakanin Beijing da Tianjin.

Ku duba abin da wannan yake nufi. Matashin Landan yana cewa full steam ahead, amma sai a gidan tarihi ko layin yawon buɗe ido zai ga injin. Ɗalibin Datong kuwa, ta yiwu kakansa ne ya ƙera shi, ko babansa ya zuba masa kwal. Hoton da yake buƙata yana cikin gidansu. Littafin hadda ne bai tura shi ya tambaya ba.

Kafin in kai ga ra'ayina, bari in ratsa ta wasu 'yan ramuka da sauri. Steamed up in an faɗa a kan tabarau ko madubi, hazo ne ya rufe shi. In a kan mutum ne, ya fusata. Steamroller injin danne titi ne, amma in aka ce masu rinjaye sun yi wa doka steamroller a majalisa, sun murƙushe masu adawa ne suka wuce da ita. Steamy kuwa a yi hattara da ita. A kan banɗaki tana nufin cike da tururi. A kan fim ko littafi tana nufin akwai batsa a ciki. Ɗalibin da ya yabi fim da ita a gaban malaminsa zai ji kunya.

Matasan Sin na yau kuma wata Steam ɗin suka fi sani. Kasuwar wasannin kwamfuta ce ta intanet, wadda kamfanin Valve na Amurka ya buɗe a 2003. A watan Agustan 2024 wani wasa da Sinawa suka ƙirƙira, Black Myth: Wukong, ya tara mutum fiye da miliyan biyu suna buga shi a lokaci guda a wannan kasuwa. Tambarin kasuwar ma hoton hannun inji ne. Yaro yana kallon injin kullum a allon kwamfutarsa, ba wanda ya ce masa ga abin da yake kallo.

To, ga ra'ayina.

Ban raina hadda ba. Mu da muka tashi da allo mun san darajarta, kuma babu mai koyon harshe da zai tsere mata. Abin da ke damuna shi ne a raba magana da labarinta. Kuma Sinawa sun fi kowa sanin illar haka. Karin maganarsu masu haruffa huɗu, waɗanda suke kira chengyu, ba a bai wa yaro su tsirara. Ana ba shi labarin yaƙin, da sunan sarkin, da abin da ya faru. Shi ya sa ba ya mantawa har tsufa. To, me ya sa in an zo Turanci sai a miƙa masa jeri, kowace magana da fassararta a gefe, kamar ba su san juna ba? Hanyar da ta yi aiki a harshen gida ita ce za ta yi aiki a harshen baƙo. Rabin awa ya ishi malami ya zana kan jirgi a allo, ya nuna wuta, ya nuna tukunya, ya nuna bawul. Daga nan ɗalibi ko ya haɗu da maganar da bai taɓa ji ba, zai iya lalubo ma'anarta da kansa. Zai kuma san wurin da ba a faɗarta. Ba zai je gaisuwar mara lafiya ya ce ya ga tsoho yana run out of steam ba.

Haka nan in Basine yana son Bature ya gane jia you, kirarin da suke yi wa ɗan wasa ko mai shiga jarrabawa, wato ƙara mai, shi ma sai ya nuna masa inji. Wannan magana har ta shiga babban ƙamus na Oxford a 2018 da sigar add oil, ta bakin mutanen Hong Kong.

Jama'a masu sauraro, musamman malamanmu na Turanci da iyaye masu duba littafin yara da dare, maganata ta ƙarshe gare ku take. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma mai tururi ne. Shekara da shekaru irinsa ne ya yi ta jan gyaɗa da auduga da fatu zuwa Ikko. A Zariya da Kaduna da Kafancan da Minna, har yanzu akwai dattawan da suka yi aikin reluwe, ko suka tashi a kwatas ɗinsa. In akwai irinsu a unguwarku, ku kai musu yara a wannan mako. Ku ce, Baba, a gaya musu yadda ake tayar da kan jirgi, da abin da ake yi in ya gaza a tudu. Ku bar yaran su yi tambaya son ransu. In sun dawo gida, sai ku buɗe musu littafin Turancin.

Nan za mu dakata a yau.